Yadda Mutanen Karkara Za Su Binciki Tarihi Da Ayyukan Sabon Ɗan Majalisarsu

Da zarar jami'in tattara sakamako ya bayyana wanda ya lashe kujerar majalisa, sai tarihin mutumin ya fara yawo a ko'ina, a jikin kalanda, da shafukan Facebook na magoya bayansa, da saƙonnin WhatsApp, da kuma bakin sojojin baka a gidajen rediyon Kano da Dutse. Kusan duk irin wannan tarihi zubinsa ɗaya ne: an haife shi a gidan mutunci, ya yi karatun allo da na boko, ya riƙe muƙamai da dama, daga bisani al'umma ta matsa masa ya fito takara. Wanda ya rubuta shi yaron ɗan majalisar ne, kuma don yabo aka sa shi aikin, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ya tsallake wasu shekaru ko ya ƙara wa wani muƙami girman da ba shi da shi. 'Yan adawa su ma suna da nasu tarihin da suke bayarwa a teburin mai shayi, wanda shi ma ba a kan takarda aka gina shi ba. Mutumin ƙauye da ke son sanin gaskiyar wanda zai wakilce shi shekara huɗu yana bukatar ya yi irin binciken da uba yake yi kafin ya ba da 'yarsa aure, wato ya san asali, da sana'a, da yadda mutumin ya riƙe amanar da aka taɓa ba shi a baya. Wannan aiki ba ya bukatar zuwa Abuja. Littafin rubutu guda, da waya mai intanet ko da ta aro ce, da mutum uku ko huɗu masu haƙuri sun isa.

Kafin komai a tantance kujerar da ake magana a kanta, domin a karkara ana yawan cakuɗa ɗan majalisar jiha da na tarayya, har a ɗora wa wannan laifin wancan. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, Majalisar Wakilai kuma tana da 360, waɗanda Kano ke da 24 a cikinsu, Jigawa ke da 11. Majalisar dokokin jihar Kano tana da kujeru 40, ta Jigawa tana da 30. A ƙauye, kujerar Majalisar Wakilai takan haɗa ƙananan hukumomi biyu zuwa huɗu, kamar Rano da Bunkure da Kibiya, ko Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, ko Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kuma wannan yana da tasiri a binciken, domin ɗan majalisar na iya fitowa daga garin da ba ka taɓa takawa ba. A kuma lura da lokacin da ya shiga. 'Yan majalisar tarayya da aka zaɓa a ranar 25 ga Fabrairu 2023 an rantsar da su a ranar 13 ga Yuni na wannan shekara, amma akwai waɗanda suka shiga daga baya ta hukuncin kotu ko ta zaɓen cike gurbi, kamar wanda aka yi a mazaɓar Ɓaɓura da Garki a watan Agusta 2025, kuma irin waɗannan ragowar wa'adin majalisar kawai za su ƙarasa.

Takardar da ya rantse a kanta

Tushen binciken shi ne fom ɗin da ɗan takara ya cike da kansa ya miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC ta hannun jam'iyyarsa, wanda ake kira EC9, a da kuma ana kiransa CF001. A cikinsa yake rubuta cikakken sunansa da duk sunan da ya taɓa amfani da shi, da ranar haihuwarsa da wurin, da makarantun da ya yi tare da shekarunsu, da wuraren da ya yi aiki, sa'an nan ya amsa tambayoyi a kan ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci ko ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye da bashi. Darajar wannan takarda ita ce an yi rantsuwa a kanta a gaban babbar kotu, don haka ƙarya a cikinta tana da hukunci, saɓanin ƙarya a jikin kalanda.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen 2023, ta wajabta wa INEC a sashe na 29 ta liƙa waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takara cikin kwana 7 da karɓarsu, kuma galibi a bangon ofishin hukumar na ƙaramar hukuma ake liƙa su. Mafi yawan mutane ba su san an yi ba har ruwa da iska suka cire takardun. Amma wannan sashe ya kuma ba kowane mutum damar rubuta wa hukumar takardar neman kwafin fom ɗin da duk takardun da aka haɗa da shi, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, hukumar kuma ta ba shi tabbataccen kwafi cikin kwana 14. A fara da jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma domin ya nuna hanya, ko da yake sau da yawa zai tura mai nema zuwa babban ofishin jiha a Kano ko Dutse. A rubuta takardar da Turanci, a yi ta kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wadda za a koma da ita gida. Idan da hali a rubuta ta da sunan ƙungiyar ci gaban gari, domin takardar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya wuyar yin watsi da ita, kuma tana kare mutum daga a ce yana da wata ƙullalliya a ransa.

Idan fom ɗin ya zo hannu, a auna shi da abin da tsarin mulkin 1999 ya gindaya. Sashe na 65 ya ce mai neman kujerar dattawa ya kai shekara 35, mai neman ta wakilai ya kai 25 bayan gyaran da aka yi a 2018 wanda ya rage daga 30, kuma ya yi ilimi aƙalla zuwa matakin takardar sakandare ko abin da ya yi daidai da ita. A nan ake yawan yin kuskure. Digiri ba sharaɗi ba ne, takardar hidimar ƙasa ma ba sharaɗi ba ce, kuma sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar abin da ya yi daidai da sakandare har ya haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, da kuma takardar firamare idan an haɗa ta da aikin shekara 10 da halartar kwasa-kwasai da iya karatu da rubutu da Turanci. Saboda haka ƙarancin karatun boko ba ya hana mutum zama ɗan majalisa, kuma a ganina bai kamata ya zama abin gori ba a yankin da manyan 'yan kasuwa da manoma da dama makarantar allo suka fi daɗewa a cikinta. Abin da sashe na 66 ya haramta shi ne gabatar wa INEC takardar jabu, da kasa ajiye aikin gwamnati kwana 30 kafin zaɓe, da samun hukuncin kotu a kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓen, da wasu makamantansu.

Mutanen Kano ba sa bukatar a je da su nesa kafin su ga misali. A 1999 Salisu Buhari ya zama kakakin Majalisar Wakilai yana cewa shekararsa 36 kuma ya yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada, sai mujallar TheNews ta bankaɗo cewa shekararsa 29 ce, ƙasa da 30 da doka ta nema a lokacin, kuma jami'ar ba ta san da shi ba. Ya sauka a watan Yuli na wannan shekara, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Abin lura shi ne 'yan jarida sun gano wannan ne ta hanyar tambayar makarantar da kuma jera shekaru a kan takarda, kuma irin wannan jerin kowa na iya yin sa a zaure.

A ɗauki shafi guda a rubuta shekaru a jere daga haihuwa zuwa ranar zaɓe, a sa kowace makaranta da kowane aiki a gaban shekararsa, sai a duba inda lissafi ya ƙi. Wanda ya ce an haife shi a 1975 kuma ya gama firamare a 1980 yana da bayanin da zai yi. Wanda ya gabatar da takardar NECO mai ɗauke da shekarar da ta gabaci 2000 shi ma haka, domin a 2000 hukumar ta fara gudanar da jarrabawar kammala sakandare. Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka kafa ta, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa kuma a 2013, don haka babu mai digirinsu kafin nan. Sai dai a yi adalci a kan ranar haihuwa. Yawancin waɗanda aka haifa a ƙauye a shekarun 1960 da 1970 ba su da takardar haihuwa, takardar rantsuwar shekaru suka yi daga baya, kuma shi ya sa ranar 1 ga Janairu ta yi yawa a takardun mutanenmu. Bambancin shekara ɗaya ko biyu ba hujjar ha'inci ba ce. Abin da ke jawo tambaya shi ne mutum ya rubuta shekarun haihuwa daban-daban a takardu daban-daban, ko kuma a sami giɓin shekara biyar ko shida da bai ce komai a kansu ba.

Abin da takarda ba ta faɗa ba

Bayan takarda sai mutane. Duk ɗan majalisar karkara yana da mahaifa, kuma a can akwai waɗanda suka san shi tun yana tallar rake ko kiwon awaki. Ladabi ya nemi a fara da gaishe da dagaci ko mai unguwa, a ce masa, "Ranka ya daɗe, mun zo ne daga gari kaza domin mu san wakilinmu, tunda ɗanku ne," amma kada a sa ran jin suka daga bakinsa, domin sarauta ba ta kushe ɗanta a gaban baƙo, balle ɗan da ya zama mai faɗa a ji. Waɗanda suka fi amfani su ne tsohon hedimasta ko malamin firamaren da ya koyar da shi, da sa'o'insa da suka yi aji ɗaya, da limamin unguwa, da tsofaffin mata na maƙwabta, waɗanda sukan tuna shekarar haihuwar yaro ta hanyar danganta ta da wani abu, kamar farin 1973, ko shekarar da aka kashe Janar Murtala a 1976, ko rikicin Maitatsine na 1980. Da irin wannan ake gyara lissafin shekaru fiye da kowace takardar rantsuwa.

Yadda ake tambaya ya fi wanda ake tambaya muhimmanci. Idan aka ce wa dattijo, "Baba, mutumin kirki ne?" amsar da za a samu ita ce, "Ai ba mu san shi da wani mugun hali ba," kuma an tashi ba a ƙaru da komai ba. Gara a tambayi abin da yake da amsa takamaimiya: wace sana'a mahaifinsa ya yi, a wace shekara ya bar garin, yana zuwa Sallah da jana'iza tun kafin ya shiga siyasa ko sai da takara ta matso, ya taɓa riƙe kuɗin ƙungiya ko na ginin masallaci, kuma yaya aka rabu. Idan ɗan kasuwa ne, abokan cinikinsa a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis sun san yadda yake biyan bashi da yadda yake cika alkawarin kaya. Kowace magana a rubuta ta da sunan wanda ya faɗe ta a cikin littafin ƙungiya, amma kada a ɗauke ta tabbas sai an ji ta daga mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba kuma ba jam'iyya ɗaya suke ba.

Hanyar da mutum ya bi ya iso majalisa tana nuna abin da zai iya da kuma wanda zai saurara wa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ya san yadda fayil ke tafiya a ma'aikata, kuma ana iya jin labarin riƙonsa daga waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Tsohon kansila ko shugaban ƙaramar hukuma shi ne mafi sauƙin bincike, domin ajujuwan da ya gina da rijiyoyin da ya haƙa suna nan, ko suna aiki ko sun mutu. Ɗan kwangila kuma a nemi sunan kamfaninsa a shafin bincike na Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wanda kowa zai iya buɗewa a waya ya ga shekarar rajista da adireshi, a kuma adana sunan, domin zai yi amfani idan aka zo duba waɗanda ake ba kwangilar ayyukan mazaɓa. Akwai kuma wanda duk tarihinsa shi ne hidimar wani babban ɗan siyasa, daga mai riƙe jaka zuwa mataimaki na musamman zuwa takara. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, siyasar Kano da Jigawa ta daɗe tana tafiya da gidaje da iyayen gida, amma ya kamata masu zaɓe su sani, domin ranar da bukatar mazaɓa ta ci karo da bukatar uban gida za a ga inda ya karkata. A rubuta jam'iyyun da ya shiga da shekarun da ya sauya sheƙa, da yadda ya sami tikiti, ko ta ƙuri'ar deliget ko ta sasanci. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata, ko da yake a aikace da wuya a ga shugaban majalisa ya zartar da hakan, musamman idan jam'iyyarsa aka komo.

Yadda ya ci zaɓen kuwa ba ya bukatar dogon bincike. Sakamakon kowace rumfa yana kan fom EC8A, wanda wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu aka kuma ɗora hotonsa a shafin IReV na hukumar zaɓe. Idan an kai ƙara, dokar ita ce a shigar da ita cikin kwana 21 da bayyana sakamako, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Kundin irin wannan hukunci yakan ƙunshi bayanan takardun ɗan majalisar da lauyoyin abokin hamayya suka riga suka tono.

Bayan rantsuwa

Tarihin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda yake rubutawa yanzu, kuma ba za a iya auna shi ba sai an san aikin da aka ɗauke shi ya yi. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu bisa ikon da sashe na 88 ya bayar, da kai kukan mazaɓarsa zauren majalisa. Biyan kuɗin asibiti da ragon suna da buhun shinkafar azumi alheri ne, kuma wanda aka yi wa ba zai manta ba, amma attajirin da bai taɓa tsayawa zaɓe ba ma yana yin su.

Tambaya ta farko ita ce kwamitocin da aka sa shi, domin a kwamiti ake yin ainihin aikin. Wakilin Kura da Madobi da Garun Malam, inda noman rani na Kadawa yake, ko wakilin Birniwa da Guri da Kirikasamma, inda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa, idan yana cikin kwamitin albarkatun ruwa ko na noma yana da bakin magana a kan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Sabon shiga ba kasafai yake samun shugabancin babban kwamiti ba, saboda majalisa tana fifita waɗanda suka daɗe, kuma adalci ne a tuna da wannan kafin a kwatanta shi da wanda yake zango na uku.

Sai kuma abin da ya gabatar a zaure, kuma a nan dole a bambance ƙuduri da ƙudurin doka, domin masu tallar 'yan majalisa sukan haɗa su da gangan. Ƙuduri kira ne kawai, kamar a roƙi hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta kai ɗauki ga waɗanda ambaliya ta shafa a Ringim ko Miga, kuma ko an amince da shi bai zama dole gwamnati ta aiwatar ba. Ƙudurin doka kuwa sai ya wuce karatu na ɗaya, wanda ambaton sunansa ne kawai, sa'an nan karatu na biyu inda ake muhawara, sai kwamiti da jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku, sai ɗaya majalisar ta amince, sa'an nan shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, idan ya ƙi kuma sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa. Dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, wadda Sanata Barau Jibrin ya gabatar aka kuma sa mata hannu a watan Yuli 2024, misali ce ta ƙudurin da ya bi duk waɗannan matakai. Idan aka ji a rediyo cewa ɗan majalisa "ya kawo" kwalejin tarayya garinsu, a tambayi matakin da ƙudurin yake, domin ɗaruruwan irinsa suna mutuwa a karatu na ɗaya, kuma duk wanda bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare sai an sake shi daga farko. Cibiyar PLAC da kafar OrderPaper suna bin diddigin ƙudurori da sunayen masu su a intanet, ana kuma nuna zaman majalisa na Talata da Laraba da Alhamis kai tsaye a YouTube. Duka zaman da Turanci ake yin sa, ko da yake sashe na 55 ya yarda a yi da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi, don haka a sa ɗalibi ko malamin makaranta a cikin masu binciken. Abin da zai yi wuyar samu shi ne yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan wata doka, saboda yawancin hukunci da murya ake yanke shi ba tare da rubuta suna ba. Game da halarta, tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zaman aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba da dalili ba kujerarsa na iya salwanta.

Ayyukan mazaɓa su ne inda aka fi ruɗa mutanen karkara. An yi shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya na kowace shekara domin waɗannan ayyuka, ban da waɗanda 'yan majalisa ke cusawa a kasafin ma'aikatu. A ƙa'ida ɗan majalisa yana zaɓar aikin da wurin ne kawai, sai a sa kuɗin a ƙarƙashin wata hukuma kamar hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN ko hukumar raya koguna, ita ce za ta ba da kwangila ta biya. Ma'ana, rijiyar burtsatse da fitilu masu aiki da hasken rana da kekunan ɗinki da injinan ban ruwa da ake rabawa da hotonsa a jiki, mafi yawansu da kuɗin gwamnati aka saye su. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya koka cewa an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a kan waɗannan ayyuka cikin shekara 10 ba tare da an ga tasirinsu ba, kuma a wannan shekara hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin sawunsu jiha-jiha. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana fitar da jerin ayyukan kowace jiha da kuɗinsu da hukumar da aka ɗora wa. A samo jerin, a ware na mazaɓa, a hau babur a je wurin, domin gani ya kori ji. A ɗauki hoton aikin da allon kwangilar, a rubuta sunan kamfanin, a gwada shi da sunayen da aka adana tun farko. Ayyukan da aka rubuta da sunan horaswa da tallafi su suka fi wuyar tantancewa, tunda ba su barin gini a ƙasa, saboda haka a nemi jerin sunayen waɗanda suka amfana daga hukumar da ta aiwatar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar kwana 7 ta amsa, kuma mai tambaya ba sai ya faɗi dalilinsa ba.

Batun kuɗin da yake karɓa kuwa, albashi dabam, kuɗin gudanar da ofis dabam. Sanata Shehu Sani ya bayyana a 2018 cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanarwa, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu kuma ya shaida wa BBC Hausa a 2024 cewa abin ya kai miliyan 21. Na 'yan Majalisar Wakilai bai kai haka ba, amma a cikinsa akwai kuɗin riƙe ofishin mazaɓa, don haka tambayar inda ofishin yake, da ranakun da ake buɗe shi, da wanda ke karɓar ƙorafi a ciki, tambaya ce ta haƙƙi. Ya kuma bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kafin ya zauna a kujera, kamar yadda sashe na 52 ya tanada, sai dai hukumar ba ta saba sakin waɗannan takardu ga jama'a ba, kuma ɓata lokaci ne ƙungiyar ƙauye ta sa ƙarfinta a nan.

Idan littafin ya cika, a raba abin da ke cikinsa gida uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da shaidu biyu suka faɗa, da abin da aka ji kawai. Kashi na uku ba ya fita daga zaure. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma an sha kama matasa saboda abin da suka rubuta a Facebook ba tare da hujja a hannu ba. Abin da ya tabbata kuma a fara kai wa shi ɗan majalisar a rubuce, da lafazin girmamawa, a ce, "Mai girma wakilinmu, mun ga aiki kaza a kasafin shekara kaza da sunan garinmu, mun je wurin ba mu tarar da shi ba, muna roƙon ƙarin bayani." Wani lokaci amsar gaskiya ita ce gwamnati ba ta saki kuɗin ba, domin sa aiki a kasafi dabam ne da fitar da kuɗinsa, kuma idan haka ne ya kamata a rubuta masa wannan a matsayin uzuri. Idan an yi shiru, sai a tura kwafi ga ofishin ICPC, ko a kai wa shirye-shiryen ƙorafi na rediyo tare da hotuna.

Wasu za su kawo maganar kiranye. Sashe na 69 ya nemi sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sai INEC ta tantance, sai a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajista kawai aka tantance, maganar ta mutu a nan. Inda littafin zai fi yin aiki shi ne zaɓen fid da gwani, wanda ake yi watanni da yawa kafin babban zaɓe, kamar yadda aka yi na zaɓen 2023 a watannin Mayu da Yuni na 2022. Saboda haka a riƙa sabunta shi duk bayan wata shida, bayan an sa hannu a kasafin kuɗi da kuma bayan damina lokacin da hanyoyi suka buɗe aka iya zagaya ayyuka, a kuma tabbatar kwafinsa ya isa hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓar kansila kafin a fara sayar da fom ɗin takara.